Iya Fitina da Tsokanarta a Bakin Tanda

Kafin a kunna tanda a gidan burodinmu, Iya ta riga ta iso. Za ta rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta ɗaura tsohon buhun fulawa a ƙugu, ta buɗe famfo a kwamin wanki. Kwamin nan na siminti ne, dogo, babban mutum zai miƙe a cikinsa, kuma a nan take wanke gwangwanayen gashi tun ina 'yar makaranta. Amma kafin ta taɓa gwangwani ko ɗaya sai ta cika jarkokin ruwan sha, ta ajiye su inda duk mai wucewa sai ya yi tuntuɓe da su: ɗaya kusa da tanda, ɗaya wajen injin kwaɓi, ɗaya a ƙofar da direba ke loda kaya. Daga nan sai ta shiga aikinta na biyu, wanda ba wanda ya ɗauke ta dominsa, wato neman faɗa.

Ni ce mai tsaron kanti, can gaba inda ake sayar da burodin, kuma labule ne kawai tsakanina da ɗakin gashi. Don haka duk abin da Iya ta faɗa a kunnena yake sauka.

"Dogo!" Haka za ta ƙwala wa mai kwaɓi kira. "Wannan kwaɓi ne ko siminti? Gini za mu yi da shi?"

"Don ke na yi shi da tauri, Iya, in ga ko haƙoranki na gaske ne."

"Na gaske ne, ɗan nema, zo in gwada a kunnenka. Ungo, sha ruwa."

Ta gama da shi ta koma kan direba, ta ce tuƙinsa ya sa burodi ke isa kasuwa yana jiri. Ba wanda take ƙyalewa, kuma rana na ƙara zafi bakinta na ƙara kaifi. Da haka aka sa mata suna Iya Fitina, har masu sayen burodi sun san sunan.

Satin da ya wuce Iya ta ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi, ruwan sabulu ya cinye hannuwa, 'yarta ta ce ya isa haka, ta zo ta ɗauke ta. Na zauna rubuta wannan jinjina ne fuskata na zafi, don kuwa da ƙyar gidanmu ya tsallake wani abin kunya. Matar nan ta ceci ran yayana, amma saura kaɗan ta tafi bai buɗe baki ya ce mata ko sannu ba.

Bari in fara da abin da Dogo ya gani, don shi ya fara gano kan tsokanar. An ɗauki wani sabon ma'aikaci ana tsakiyar zafi, magidanci ne ƙaƙƙarfa, muna ce masa Baƙo. Masu gashin burodi suna da wata ɗabi'a: wanda ya bar bakin tanda kafin a fitar da gashi, rago ne. Baƙo yana son a san shi ba rago ba ne, ya tsaya kai da fata. Iya ta wuce da gwangwanaye ta ce masa, "Baƙo, gemun nan naka in ya kama wuta wa zai biya mu burodi?" Kwana ɗaya kafin nan ya rama mata irin wannan har da ƙari. Ranar kuwa sai ya ce, "To," ya ci gaba da murza ƙafa.

Dogo ya ce nan take ta dire gwangwanayen. Ta dubi fuskarsa ta ga ta yi fayau, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Ta tambaye shi, ya ce kansa na sarawa, zuciyarsa na tashi, tsokar ƙafarsa na ɗaurewa. Ba ta tsaya jin ra'ayin kowa ba, ta ja shi zuwa inuwar bayan ginin, ta kwantar da shi ta ɗora ƙafafunsa kan buhu, ta ɓalle masa maɓallan riga, ta jiƙa tsumma tana shafa masa a wuya da fuska. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta ce ya riƙa kurɓa a hankali. Da ya ɗan dawo ya yunƙura zai koma aiki, ta ce, "In ka tashi daga nan sai na zauna a kanka, kuma ka ga jikina." Ta je ta tsare mai gidan burodin, ta ce sabon mutum ba a jefa shi bakin tanda wuni guda, sai jiki ya saba da zafin kaɗan-kaɗan. Har yau haka ake yi a wurinmu.

Da yamma Dogo ya tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta ce, "Wanda na taɓa ya rama, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi sanyi, ruwa da inuwa yake so. Wanda kuwa ya ba ni amsar da ba kai ba gindi, wannan a bar komai a yi ta kansa." Ashe duk shekarun nan awo take yi mana, mu kuma muna cewa tsohuwa ba ta son zaman lafiya.

Iya, ke ce kike leƙa bayan gida ki dawo kina faɗa, wai wani ya yi fitsari ja kamar shayi, ya fito ya sha ruwa tun ba ki kama suna ba. Ke ce kika hana a jira ƙishirwa, kika ce kafin ta zo jiki ya riga ya yi asara. Ke ce kika yi ta mita har aka daina saka rigunan leda masu kama jiki, aka koma masu shan iska. An yi miki dariya a kan kowanne, kuma ba ki fasa ba.

Yanzu sai maganar Yaya. Shi ne babban mai gashi, shi ke tsaye a bakin tanda, kuma ba na jin akwai mai jin kansa kamarsa a gidan. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Innarmu, ko da wasa ban taɓa ganinsa ba riga ba. A wajen ramuwa kuwa ba wanda ya kama ƙafarsa. Iya na ce masa Sarkin Tanda, in suka haɗu har aiki ake tsayawa a saurara. Ita da kanta takan ce a gidan nan shi kaɗai ne abokin yinta.

Ranar da abin ya faru, fankar da ke zuƙe zafin ɗakin gashi ta mutu, ga aiki ya yi yawa, ga rana ta buɗe. Tun da hantsi Yaya ke dafe kai, Iya ta miƙa masa ruwa ya ce sai ya fitar da wannan gashin, da ya fitar kuma ya ce sai na gaba. Rana na tsaka ta sake zagayowa.

"Sarkin Tanda, yau kuma gawayi za mu sayar wa mutane?"

Ina jinsu ta labule, na kasa kunne in ji ramuwa. Sai na ji muryar Yaya a sanyaye, kamar ta yaro.

"Inna, ki rufe taga, ruwa zai shigo."

Ɗakin ya kwashe da dariya, an ɗauka sabon salo ne. Ɗakin gashi ba shi da taga, sama ko gizo-gizon hadari babu, Innarmu kuwa ta daɗe a ƙasa. Iya kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kai hannu wuyansa ta janye da sauri, daga baya ta ce kamar ta taɓa gwangwanin da aka fitar yanzu. Na ɗaga labule daidai lokacin da ya saki sandar fitar da burodi, ya yi taga-taga, ya tafi zai faɗi.

Ban taɓa jin muryar Iya irin ta ranar ba. "Ku tare shi! Ke, kira motar asibiti, ki ce zafi ya bugi mutum har hankalinsa ya gushe. Dogo, direba, ku ɗauko min shi nan!" Ta watsar da gwangwanayen da ke kwami, ta toshe shi, ta buɗe famfo har ƙarshe. Wani ya kawo kofi zai ɗura masa ruwa a baki, ta buge hannunsa ta ce wanda ba ya cikin hankalinsa ba a ba shi abin sha, shaƙewa zai yi. Wani ya ce a nemo maganin zazzaɓi, ta ce ba zazzaɓi ba ne, dahuwa yake yi, kuma ba ƙwayar da za ta sauke shi. Direba ya ce a sa shi a mota kawai a wuce. Ta ce, "A wannan motar taka mai kama da tanda? A nan za mu fara sanyaya shi, kafin su iso."

Sai ta ce a kawo ƙanƙara. A gidan burodi ƙanƙara ta kwaɓi ce, da ita ake sanyaya ruwan kwaɓi lokacin zafi don kada ya tashi kafin lokacinsa. Doka ce, ko gutsuren da za ka sa a baki ba a taɓawa. Dogo ya tsaya da buhun a hannu yana cewa, "Iya, ta kwaɓin rana ce fa, in aka..." Ta fizge buhun ta juye shi duka a kwami.

Daga nan ne abin da ya fi ƙarfin idona. Ta kama rigar Yaya ta yage ta, ta zare takalman, ta kwance wando, ta bar shi da ɗan gajere a gaban yaransa kaf. Na juya fuska na nufi labule. Ta daka min tsawa.

"Ina za ki? Ba yau ake kunya ba. Zo ki riƙe kansa kada ya nutse."

Na zo na riƙe. Yayana, wanda ko ido ba na haɗawa da shi, yana cikin kwamin wanke gwangwani, ruwa na iyo da ɓurɓushin burodi da maiƙo, kansa a tafin hannuna. Iya ta tura ƙanƙara a wuyansa da hammata da matsematsi, tana motsa ruwan da hannu, ta sa sauran suka yi ta fifita da kwalaye. Da sanyin ya ratsa shi sai ya fara kokawa. Ya zage ta, zagin da ban san bakinsa ya iya ba, ya haɗa da iyayenta. Akwai kuma abin da jikinsa ya saki a ruwan nan wanda ba zan rubuta ba. Yana cikin fizge-fizge gwiwar hannunsa ta sami bakinta. Na ji ƙarar. Ta juya kai ta tofar da jini da haƙorin gaba, ta goge baki da kafaɗa, ta ce wa Dogo, "Danne min ƙafafun." Hannunta bai bar ruwan ba.

Kafin motar asibiti ta iso ya fara lafawa, har ya kalle ni ya kira ni da sunan da yake kirana a gida. Kwaɓin ranar ya lalace gaba ɗaya, mai gidan burodin bai yi ƙorafi ba. A asibiti likita ya ce mana sanyayawar da aka yi masa tun kafin a taso ita ta tsare masa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ya yi kwanaki a kwance, ya tashi.

Bai tuna komai ba, kuma da an bar shi haka da sauƙi. Sai direba, Allah ya shirye shi da sakin baki, ya je dubiya ya zayyana masa komai yana dariya, tun daga wando har haƙori. Matar Yaya ta ce tana kallo ya juya fuskarsa bango.

Ya koma aiki, amma ba Yayan da aka sani ba ne. Ya daina shiga ta ƙofar gaba, don ita ke bi ta gefen kwami, sai ya zagaya ta inda ake loda kaya. Ruwa kam yana sha, hutu yana yi, har shi ke korar yara zuwa inuwa. Amma in Iya ta ce, "Sarkin Tanda," sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Ta gwada ta nan, ta gwada ta can, shiru. Ɗakin ma ya canja, don ba wanda ya ƙara yi mata wasan haƙori. Tana dariya giɓin ya bayyana, kowa sai ya kau da ido.

A gida matarsa ta sayi turmin zani mai kyau ta naɗe, ta ce mu je mu gaishe da Iya mu yi godiya. Ya sa hula, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna ya ce kansa na ciwo. An yi haka ya fi a ƙirga. Muka ce to mu mata mu je, ya ce kada wanda ya riga shi, shi ya yi ɓarnar shi zai je. Zanin ya zauna a saman kabad har ledar ta yi ƙura. Zafi ya wuce, wani ya zo. Kullum ina gaishe da Iya da safe, ina jin gaisuwar tana min nauyi a baki, kamar duk unguwa ta san gidanmu gidan marasa godiya ne.

Wata rana ina taya ta kwashe gwangwanaye ta ce, "Yayanki ya ɗaure min hannu." Na ɗauka maganar haƙori za ta yi. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Ke rabu da haƙori, dama ya kusa faɗuwa. Kowa a ɗakin nan in na taɓa shi na ji amsa, hankalina ya kwanta. Shi ya yi gum. To ta ina zan san shirun kunya ne ko shirun zafi? Wanda abin ya taɓa kamawa shi na fi ji wa tsoro. Sai in ƙirƙiri dalili in bi ta gabansa in leƙa idonsa, ga gwiwa ba ta so."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Muna can muna fama da kunyarmu, ita tana jan ƙafa tana gadinsa.

Ranar ce ta gaya min inda ta samo wannan ɗabi'a. Mijinta mai rufin kwano ne. Wata rana ya sauko daga aiki da tsakar rana, ya shigo gida yana tambayarta wa ya kwashe matakalar da ke cikin randa. "Dariya na yi," in ji ta. "Mutum ne mai barkwanci, na ce yau kuma da wannan ka zo. Na ce ya shiga ya kwanta, na ja masa ƙofa don kada yara su dame shi." Da ta leƙa an riga an makara. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ita daga baya, ta bayyana mata abin da ya faru da abin da ake yi. Iya ta ɗauraye gwangwanin da ke hannunta ta kife shi. "Tun ranar ban ƙara jin mutum ya yi maganar banza a cikin zafi na yi dariya ba."

Ranar da za ta tafi, aka tsaya da aiki bayan gashin rana. Mai gidan burodin ya yi jawabi, Baƙo ya yi, Dogo ya fara ya kasa ƙarasawa. Yaya na can bakin tanda ya juya baya, wai yana gyaran wuta. Na ga ledar zanin a ƙarƙashin tebur, ya kawo ta da safe, amma bai taɓa ta ba. 'Yar Iya ta ɗauki jakarta, Iya ta cire mayafi daga ƙusa ta yafa. Na ce a raina shi ke nan, mun ci amanar matar nan har ƙarshe.

Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta ɗauki burodi ɗaya daga kan tebur ta juya shi.

"Sarkin Tanda, wannan ɓawon kuma fa? Ko dutse ya fi shi taushi."

Na ga kafaɗun Yaya suna rawa. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo fuskarsa sharkaf take, kuma ba gumi ba ne. Ya buɗe baki, muryar na karyewa.

"Ina ruwanki da ɓawo, Iya? Da wane haƙorin za ki ci?"

Sai Iya ta kwashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, giɓin nan a fili, har tana dafa bango. "Alhamdu lillahi!" in ji ta. "Yau dai ya fito daga kwamin nan." Yaya ya tako ya durƙusa a gabanta a kan simintin da ya jiƙe, ya kama hannuwan nan da sabulu ya cinye, ya ce, "Iya, ki yafe min. Na gode." Ta dafa kansa ta ce ya tashi kada yaransa su raina shi, ai sun ga abin da ya fi wannan.

Iya, mun gode, kuma mun makara da godiyar, wannan kunyar tamu ce. Ke ce kika ɗauki sunan fitina kika rataya a wuya don kada a sake ja wa wani ƙofa yana dahuwa. Allah ya huta da gajiyarki, ya ba gwiwa lafiya, ya jiƙan mai rufin kwano.

Ku kuma da kuke aiki a bakin wuta, ko kan rufi, ko cikin rana, ku ajiye ruwa inda za a yi tuntuɓe da shi, ku bar mutum ya huta ba tare da an ce masa rago ba. Ku riƙa taɓa juna da magana, ku kuma saurari amsar. Wanda ya yi maganar da ba kai, ku bar dariya, ku kira taimako, ku sanyaya shi nan take da duk abin da ke kusa, ko da ƙanƙarar kwaɓi ce. In kuma wani ya yi muku irin abin da Iya ta yi mana, kada ku bar zaninsa ya yi ƙura.

Jiya da rana ina kanti na ji murya ta labule tana cewa, "Dogo, wannan kwaɓi ne ko siminti?" Muryar Yaya ce. Dogo ya rama masa, na ji Yaya ya ce, "Madalla. Ungo, sha ruwa."